Agogon Wane Gari? Tunawa da Malam Lawali

Ina tsaye gaban kwamfutar asibitinmu a Kaura Namoda, rediyo a kunnena, ina jiran a faɗi lokaci in daidaita agogonta kamar yadda nake yi kowace safiya, sai ga ƙanen Malam Lawali ya shigo, ko sallama bai ƙarasa ba. Ya ce, "Murja, Malam ya cika." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na lalubi kujera na zauna. Da na tambaye shi yaushe, ya ce bayan Asuba. Wallahi hawaye na zuba, amma sai da dariya ta kusa ƙwace mini, domin na san da Malam aka kai wa labarin, da sai ya ɗaga gira ya ce, "Asubar wane gari?"

Ban ɗauki alƙalami don in yi kuka a takarda ba. Kukan na yi shi a cikin gida tare da iyalinsa, ya kuma ishe ni. Abin da ya zaunar da ni shi ne wata magana da aka yi a zaman makoki, a kan tabarmar maza, wadda kafin La'asar ta riga ta shigo mana cikin gida. Wani bawan Allah, gawa ko sanyi ba ta gama yi a ƙasa ba, ya ce wai shaida ta bi mai ita. Shaidar da yake nufi ta gonar wasu marayu ce a Birnin Tsaba, wadda Malam ya tsaya a kanta har alƙali ya ba su, aka kuma ɗaukaka ƙara, ana jiran zama. To ni Murjanatu, ɗalibarsa, ina so mai maganar nan da waɗanda suka gyaɗa masa kai su san wane ne suka binne, su kuma san abin da ya bari.

Malam Lawali ɗan Kaura ne, ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa. Ya sha gaya mana cewa a gindin agogon tasha ya tashi, mahaifinsa na nuna masa yadda jirgi biyu ke bin layi guda ba su haɗu ba saboda kowa ya yarda da agogo ɗaya. Ya yi karatun na'ura mai zurfi, yana aiki a Sakkwato aka ba mu jiharmu. Abokansa suka ruga Gusau neman kujera. Shi kuwa ya tattaro tsofaffin kwamfutoci ya dawo gida ya buɗe aji a wani shago kusa da kasuwa. Ba mutum ne mai sanyi ba, kada in yi masa ƙarya bayan ransa. Yana da faɗa, yana da baki, kuma in ya san yana da gaskiya ko hakimi ne sai ya ji. Ranar da na fara zuwa ajinsa daga Zurmi, ya dubi agogon da ke hannuna ya ce, "Ke 'yar Zurmi, wanga na ƙawa ne ko na shaida?" Na ce na duba lokaci ne. Ya ce to ya yi latti da kusan rubu'in awa, in je in gaya wa wanda ya saya mini.

Da Shari'a ta zo, Malam na cikin waɗanda suka yi murna da ita da zuciya ɗaya. Amma da aka fara cewa ajinsa na haɗa maza da mata, gara ya sallami matan, sai ya je kasuwa ya sayo yadi ya raba shagon biyu da labule. Ya tura mana kwamfutar da ta fi lafiya ɓangarenmu, ya bar wa maza mai tari. Da suka yi ƙorafi ya ce su ai suna da mashin da za su hau su je Gusau su koya, mu kuwa da ƙafa muke zuwa. Yakan ce, "Shari'a ba ta tsoron ilimi. Mai tsoron ilimi shi ya san abin da ya ɓoye."

Wani asibiti mai zaman kansa ya ɗauke shi ya shirya musu ma'ajiyar bayanan marasa lafiya a kwamfuta, shi kuma ya kawo ni in riƙa shigar da su. Rumbu yake kiran ma'ajiyar nan, mu ma muka bi shi. Kafin zuwansa, lokacin haihuwa ko na rasuwa da hannu ake rubutawa, kowa da agogonsa, wani ma sai washegari zai tuna ya cike abin da ya ga dama. Malam ya toshe wannan gurbin gaba ɗaya. Ya shirya rumbun yadda da zarar ka danna a ajiye, shi da kansa zai tambayi na'ura yanzu yaushe ne, ta ba shi kwanan wata da awa da minti, ya buga a jikin bayanin, ba mai iya sa hannu ya gyara. A ƙarshen lokacin kuma akwai wata 'yar alama, ƙari da ɗaya, mai nuna cewa agogon ƙasarmu ne, wanda ke gaban agogon GMT da awa guda. Wutsiya yake ce mata.

A kan wutsiyar nan suka fara haɗuwa da mai asibitin. Mai asibitin ya ce ɓata tawada ce kawai, marasa lafiyarmu daga Moriki ne da Badarawa da Shinkafi, wa zai zo daga Landan ya kwanta a nan? Malam ya ce ba zai yanke ba. Ya ce, "Lokacin da ba a faɗi garinsa ba maraya ne, kowa na iya cewa nashi ne." Shi ne kuma ya ɗora mini al'adar rediyon safe, don kada agogon na'urar ya zame ko da batirinsa ya yi sanyi. In na manta rana guda, ranar ba ni da kunnen jin wani abu sai faɗansa.

Ana cikin haka, a wata shekara lokacin aikin Hajji, aka kawo mana wani direba mai suna Sahabi, wanda motarsa ta hatsi ta kife a hanyar Shinkafi. Ya kwana yana fama. Washegari, rana ta take tsaka, sha biyu ta ɗan gota, ladan bai ko fara shirin kiran Azahar ba, Allah ya karɓi abinsa. Likita ya rufe masa ido ya juyo ya ce in shigar. Ni na danna da wannan yatsan. Da yamma ana dawowa daga maƙabarta sai ga saƙon waya daga Makka, cewa mahaifinsa Alhaji Mamman, manomin Birnin Tsaba da ya tafi sauke farali, shi ma ya rasu a ranar, jim kaɗan bayan an sallame Azahar.

Ina so a fahimce ni a nan, domin Malam bai yarda a ɗora wa mutum abin da bai yi ba. Da farko ba wanda ya yi ƙarya. Mu mutane ne masu auna yini da salla. Ba ma cewa ƙarfe kaza, sai mu ce kafin Azahar, bayan La'asar, tsakanin Magariba da Lisha. Ɗa ya rasu kafin Azahar, uba ya rasu bayan Azahar, sai kowa ya ce ɗa ya riga uba. Hukuncin kuwa sananne ne: in ɗa ya riga ubansa, 'ya'yansa ba su cin gadon kakansu matuƙar akwai baffanninsu a raye. In kuwa uba ne ya riga, ko da numfashi guda ne, ɗan ya gaji rabonsa, rabon kuma ya sauka kan matarsa da 'ya'yansa. Rabon Sahabi shi ne gonar da yake nomawa tun yana saurayi, wadda gidansa ke ci daga gare ta.

Bayan ta fita takaba, matarsa Ige ta zo karɓar takardar rasuwa, goye da ƙaramin, manyan biyu na riƙe da gefen hijabinta. Ta ce mini, "Cewa sunka yi Sahabi ya riga Baba, ɗiyana ba su da komi. Damina ta kusa, yayansa ya ce kar in sa iri." Ba kuka take ba, ta riga ta sallama. Na ba Malam labari a bakin ƙofa yana ɗaure igiyar takalmi. Bai ko ɗago ba ya ce, "Azahar ɗin wane gari?" Sai ya miƙe tsaye ya ce in kira masa matar.

Ya sa aka nemo takardar asibitin Makka wadda alhazan garin suka dawo da ita. An rubuta ƙarfe ɗaya na rana. Makka na gabanmu da awa biyu. Ƙarfe ɗayansu sha ɗayan safenmu ne, lokacin Sahabi na kwance a gadonmu yana numfashi, har ya nemi ruwa. Uba ne ya riga ɗa, da fiye da awa guda.

Yayan Sahabi, Alhaji Garba, babban ɗan kasuwar hatsi ne a Kaura, kuma surukin mai asibitinmu. Da aka yi masa bayani, da ya ce Allahu akbar ya saki gonar, da yau sunansa na cikin addu'ar da zan rufe da ita. Amma ya riga ya sa an kai taki. Ya zo har shagon Malam, muna bayan labule muna ji. Ya ce, "Lawali, ni da ubanka sahu guda munka yi shekara da shekaru. Ban ce ka yi ƙarya ba. Ka yi shiru dai, ka bar manya su gyara gidansu." Malam ya ce, "Alhaji, in da ubana za ka jawo ni, shi ya koya mini duba agogo. Shirun ga da kake so, tuwon yara uku na cikinsa. Ba ni iya haɗiye shi." Alhaji ya kaɗe babbar rigarsa ya fita, bai yi sallama ba.

A kotu wakilin Alhaji ya ɗaga takardun biyu sama ya ce ko yaron goye ya san sha biyu ta riga ɗaya. Ya ce ɗan boko ne ke son shigo da agogon Nasara cikin hukuncin Allah. Malam ya nemi izini ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ba wanda ke ɗakin ga da bai da rediyo. In mai labarai ya ce ƙarfe kaza agogon GMT, mi yake ƙarawa?" Daga bayan ɗaki mutane suka amsa baki ɗaya, "Agogon Najeriya da Nijar!" Har ɗan sandan ƙofa sai da ya yi murmushi. Malam ya nuna wutsiyar da ke jikin takardarmu, ya ce ita ke faɗin agogon wane gari ne, ya ce ta Makka ƙari da uku ce, a cire ɗaya daga uku a ga abin da ya rage.

Alƙalin dattijo ne masani, bai ma bar shi ya wahala ba. Ya juya wurin Alhaji Garba ya ce, "Alhaji, ka je Makka ba sau ɗaya ba. Da kunka sauka Jidda, ba ka murɗa agogonka gaba ba?" Alhaji ya dubi ƙasa. Alƙali ya ce wannan ba mas'alar Nasara ba ce, malamanmu na da sun yi magana a kanta tun ba a ƙera agogo ba: 'yan'uwa biyu su rasu daidai zawali, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, na yamma ne ke gadon na gabas, domin zawalin gabas ya riga. Da wakilin ya ga haka sai ya sake hanya. Ya ce to wa ya tabbatar da lokacin da na'ura ta buga? Kwamfuta ai ba ta rantsuwa. Malam ya ce, "Ba ta rantsuwa, amma wanda ya shirya ta yana yi." Ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani. Aka ba marayu gonarsu.

Kada wani ya zaci an tashi ana tafa wa Malam. Mako bai zagayo ba mai asibiti ya ce ba ya bukatar aikinsa. Ya so ya haɗa da ni, Malam ya tare shi ya ce hannunsa ne ya shirya na'urar, bakinsa ne ya yi magana, a bar yarinya ta ci abincinta. Dama tun farko shi ne ya hana a kira ni kotu, ya sa kansa a gaba don ya rufe ni. Aka bi gari da shi cewa yana so ya gyara wa Allah rana. Iyaye suka janye 'ya'yansu daga ajinsa har ɓangaren maza ya koma mutum biyu. Wasu da ya koya wa taɓa kwamfuta da hannunsa suka riƙa sauya hanya in sun hango shi. Abin ya ci shi, na gani a jikinsa, ya rame, hawan jini ya kama shi. Amma ko sau ɗaya ban ji ya ce da na sani ba. In an kawo masa gulmar sai ya ce, "Rana guda ce Allah ya yi, amma ba lokaci guda take gaida kowa ba. Wanda bai yarda ba shi hau tsani shi yi mata faɗa."

Da labari ya zo cewa Alhaji Garba ya ɗaukaka ƙara, a kan wai ana iya sa hannu a sauya lokacin na'ura, Malam na kwance. Na je gaishe shi, matarsa Hajiya Luba na yi masa fifita. Ya tambaye ni ko na daidaita agogo da safe. Na ce na yi. Ya ce, "Kullum?" Na ce kullum. Sai ya ce, "'Yar Zurmi, na so in kai zaman ga da ƙafata. In ban kai ba, ban ce dole ki tsaya ba. Aikinki ne, kuma ke kaɗai ke riƙe da tsohuwarki." Na ce Malam ka daina wannan magana, za ka tashi. Ya ce, "Ke dai kin ji." Hajiya Luba ta juya fuska bango. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ranar sadakar uku, Ige ta iso daga Birnin Tsaba a bayan motar kasuwa da buhun gero. Na farkon abin da ta girbe a gonar ne da sunan 'ya'yanta. Hajiya Luba ta ce ta mayar, marayu sun fi bukata. Ige ta ce, "Wallahi Hajiya ba ni komawa da shi. Da bai yi magana ba, da ko zangarniya ban gani ba." Muka surfa, muka daka, muka yi gumba aka fitar wa maza. Na tambayi wanda ya kai ko mai maganar nan ta shaida ta bi mai ita yana wurin. Ya ce yana nan, har ya nemi ƙari. To ya ci lafiya. Geron gonar da ya ce ta tafi ne ya ci.

Yanzu ga abin da nake so ya ji, shi da wanda ya aiko shi. Mai asibiti ya riga ya kira ni ya ce in na taka kotu kada in dawo. Na ji, na kuma gode da abincin da na ci a wurinsa. Tsohuwata na gaya wa, ta ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, in tafi. Sun ce ni mace ce, shaidata ba ta cika ita kaɗai. Na sani, ba su za su koya mini addinina ba. Wata nas da ke tsaye kusa da ni ranar da Sahabi ya cika ta ce za ta zo, likitan da ya rufe wa Sahabi ido ya bar asibitin amma bai bar duniya ba, ya kuma ce a kira shi. Ni na daidaita agogon nan da safiyar ranar, ni na danna lokacin da aka ce in shigar, na kuma san ba hannun da ke iya shiga gurbin nan, domin na ga lokacin da Malam ya toshe shi. Kwamfuta ba ta rantsuwa, haka ne. Ni ina yi. In alƙali ya tambaye ni ƙarfe nawa Sahabi ya cika zan faɗa, in ya ce agogon wane gari, shi ma zan faɗa.

Ya Allah, ga bawanka Lawali ya zo maka, ba shi da kowa sai kai. Ka gafarta masa zafin bakinsa saboda gaskiyar da ya faɗa da shi. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa ya amsa tambaya ba gargada kamar yadda ya amsa a gaban alƙali. Ka sa kowace ƙwayar gero da ta fito a gonar nan ta hau mizaninsa. Ka ba Hajiya Luba haƙuri da juriya, ka rufa mata asiri, ka raya 'ya'yansa bisa tafarkinsa. Ka shiryi waɗanda suka juya masa baya, in masu shiryuwa ne. Ya Ubangiji, ya tsaya wa marayun wani alhali bai san nasa na gab da zama marayu ba. Ka tayar musu da wanda zai tsaya musu kamar yadda ubansu ya tsaya, mu kuma ka ba mu ƙafar tsayawa ranar zaman. Amin.